Dorinar da Ba Dorina Ba

Shekarar da na gama karatun ilimin dabbobi a jami'a a Samaru, na yi wata bakwai ina jiran takardar kiran bautar ƙasa. Na yi zaman jiran ne a Muchia, a gidan kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya koyar a makarantun firamare shekara talatin da 'yan kai kafin ya yi ritaya. Bayan ritayar sai ikilisiyarmu ta ɗora masa kula da ajujuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. A lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Yakan kai takarda har bakin hancinsa, ya juya ta wajen taga, sannan ya miƙo mini ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau.

Babban burinsa a wannan shekara shi ne ya fitar da ƙaramin littafin karatu. Ya ce bai dace a tsare mutumin da ya aurar da 'ya'ya yana maimaita baƙi da wasali wata shida ba tare da an ba shi wani abu mai daɗin sani ba. Ya tsara littafin a kan dabbobi, kowane shafi dabba ɗaya. Shi ya rubuta na raƙumi da jimina da ƙudan zuma da bushiya da sauransu, da manyan haruffa masu karkata. Shafi na ƙarshe ya bar mini.

"Ke da kika yi shekara huɗu kina yanka kwaɗi," in ji shi, "ki kawo mana guda ɗaya daga teku. Wadda za ta sa tsoho ya manta da goron da ke bakinsa."

Ban taɓa ganin teku ba. Abin da na sani na teku yana cikin kwalabe ne, a wani ɗakin ajiya na sashenmu, a jere kan katako cikin ruwan magani mai sa ido hawaye. A cikinsu akwai wata kwalba da nakan tsaya a gabanta tun ina aji biyu. Dabbar da ke ciki ba ta wuce dunƙulen hannu ba, launinta ya koma na toka, hannuwanta sun nannaɗe a gindin kwalbar. Rubutun da ke jikin takardar ya kusa gogewa. Ita na zaɓa.

Na yi kwana goma sha ɗaya a kan shafin. Abin da na fara rubutawa ya kai shafi huɗu. Na bayyana cewa ba kifi ba ce, ko da yake a ruwa take. Cewa masana sun sa ta a babban gida ɗaya da dodon koɗi, a reshen da sunansa ke nufin masu ƙafa a ka. Cewa irinta sun kai wajen ɗari uku, a warwatse cikin tekunan duniya, daga bakin gaɓa har zurfin da haske ba ya kaiwa. Na rubuta yadda namijin ke miƙa wa macen iri da ɗaya daga cikin hannuwansa, kuma ba ya daɗewa a raye bayan haka. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan jarrabawa ce ba karatu ba, ya sa na rage. Kowace jimla da na rage sai na ji kamar na yi ƙarya kaɗan. Na ce ba ta da ƙashi, alhali tana da baki mai tauri kamar na aku. Na ce jininta shuɗi ne, alhali sai ya sha iska yake nuna shuɗin sosai. Na yi yini guda tsakanin "tana mutuwa" da "takan mutu", domin na karanta cewa ba kowane iri ne ke bin wannan ƙa'ida ba. A ƙarshe shafin ya tsaya haka:

"Wannan dabba a ruwan gishiri kaɗai take zaune. Ba a samun ta a kogi ko a tafki. Ba ta da ƙashi. Tana da hannuwa takwas da zuciya uku, jininta kuma shuɗi ne. Idan ta ji tsoro takan sake launi, ta fesa baƙin ruwa kamar tawada, ta gudu. Macen takan saka ƙwai masu yawa a cikin rami, ta zauna tana gadin su ba ta cin abinci. Sa'ad da suka ƙyanƙyashe takan mutu. Ba ta ganin girman 'ya'yanta."

Saura suna. Nan na maƙale.

"Turawa me suke ce mata?" Kawu ya tambaye ni.

"Oktofas, Kawu."

"Wannan ai sunan maganin ciwon kai ne. Kawo zanen in gani."

Na miƙa masa zanen da na yi da fensir. Ya kai shi bakin hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi dariya. "Ai dorina ce aka ɗaure guda takwas a wuri ɗaya. Da na sami irinta lokacin da nake koyarwa, da ba yaron da ya faɗi lissafi. Rubuta dorinar teku."

Bulala yake nufi, irin wadda ake sayarwa a kasuwa. Na ce masa akwai matsala, domin dorina sunan wata dabba ce tun asali, wadda da fatarta ake yin bulalar. Ya ce ai shi ya sa ya ƙara teku, kuma zanen yana nan zai raba gardama. Ban gamsu ba, amma ba ni da abin da ya fi. Na rubuta sunan da fensir a saman shafin, na sa alamar tambaya a gabansa, na ce a ba ni 'yan kwanaki in nemo na gaskiya.

Na yi ta hawa bas daga Sabon Gari zuwa Samaru. Na duba ƙamus uku a laburare, babu. Na tambayi wani malami a sashen harsuna, ya ce, "Ki ƙirƙiro kawai, wa zai kama ki?" Na so in sake ganin kwalbar, ko siffarta ta ba ni wata kalma, in kuma tabbatar cewa layi biyu ne na 'yan kofunan tsotsa a kowane hannu kamar yadda na zana. Sai na tarar mai riƙe da makullin ɗakin ya tafi jana'iza garinsu. Na jira shi kwana tara. Da ya dawo na ƙidaya, layi biyu ne. Suna kuwa ban samu ba.

Ban san cewa a cikin kwanakin nan Kawu ya gaji da jirana ba. An gama girbi, ajujuwa za su buɗe, shi kuwa yana son littafin ya riga su. Ya tattara takardun, ya sa aka kai shi wurin wani mai buga littattafai a Sabon Gari, a layin da ake yin katin biki da rasit. Ranar da ya gaya mini, ya aike ni karɓo ragowar takardunmu, na tarar da matar da ke buga rubutu a kwamfuta, Bazazzagiya ce mai fara'a, ta girme ni da kamar shekara goma.

"Ke ce 'yar Baba Malam? Na gyara miki wani wuri," ta ce, tana murmushi. "Na ga kin sa alamar tambaya. Dorinar ruwa ake cewa, ƙanwata, ba dorinar teku ba. Ku 'yan boko Hausa kan kufce muku."

Na tambaye ta zanen. Ta ce sun gwada shi sau biyu, ya fito kamar an zubar da miyar kuka a kan takarda, maigidan ya ce a cire kada ya ɓata aikinsa. Na buɗe shafi na ƙarshe. Ga sunan a sama da manyan baƙaƙe, DORINAR RUWA, ga jimlolina a ƙasa ba a taɓa ko ɗaya ba. Na tambayi inda sauran littattafan suke. Ta ce tun ranar Juma'a aka kwashe, masu bishara da suka zo taro a gari kowa ya ɗauki na ƙauyensa.

Ban iya yi mata faɗa ba. Tambaya na bari a takarda, ita kuma ta amsa da iyakar saninta.

A hanya na shirya abin da zan gaya wa Kawu, kalma bayan kalma. Na same shi zaune a tsakar gida da kwafi ɗaya a hannu. Ba karantawa yake ba, don ƙananan haruffan sun fi ƙarfin idonsa. Shafa bangon yake yi da yatsa, yana sunsunar tawadar. Ya ce tun yana saurayi yake son ya ga abin da ya rubuta a buge. Ya ce in karanta masa daga farko. Na karanta raƙumi da jimina da ƙudan zuma, yana gyaɗa kai. Da na kai shafina, na dubi baƙaƙen da ke sama, na buɗe baki na ce, "Dorinar teku." Ya ce, "Kin ga ya zauna daidai." Na ci gaba da karatu har ƙarshe.

Bayan mako biyu ya aike ni wani ƙauye bayan Shika in ga yadda ajin ke tafiya, domin ƙafarsa ta kumbura. A cikin majami'a suke karatu, ranar Asabar da la'asar, kan bencin da ake zama ranar Lahadi. Sun kai mutum ashirin, yawancinsu mata, manoma ne duka. Matar mai bishara ce ke koyar da su. Ta gabatar da ni a matsayin 'yar Baba Malam wadda ta gama jami'a, ta ce don girmama baƙuwa ɗalibin da ya fi kowa zai karanta shafin ƙarshe.

Wani tsoho ne ya miƙe, dogo, siriri, da hularsa a karkace a gefe. Daga baya na ji cewa ya haura saba'in, da girmansa ya shiga addinin Kirista, kuma shekara biyu ke nan bai taɓa fashin aji ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma ta fari. Yana karatu kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu, sai ya tabbatar da ɗaya yake taka na gaba. "Do-ri-nar ru-wa." Ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya ce wannan ya san ta. Ya ci gaba. Da ya kai "ba a samun ta a kogi" ya tsaya, ya koma baya, ya sake karantawa. Da ya kai hannuwa takwas sai ya sauke littafin.

"Malama, ko ni ne ban haɗa baƙin daidai ba?"

Matar mai bishara ta leƙa ta ce daidai ya karanta.

Tsohon ya ce shi dai da ƙuruciyarsa ya yi shekara uku yana dako a bakin kogin Binuwai, kuma ya ga dorinar ruwa da idonsa ba sau ɗaya ba. Ƙafa huɗu gare ta, gajeru. Bakinta ya isa mutum ya zauna a ciki. Tana fitowa ta cinye gonar shinkafa. Ya ga uwa da ɗanta a gefenta, ɗan ya yi girman maraƙi, uwar kuwa tana nan da ranta.

Wani da ke bayansa, tsaransa, ya ce, "Ashe shekara arba'in labarin saniyar wani kake ba mu."

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce ita dai yanzu ta gane abin da ya sa dorina ba ta yankewa a kasuwa, tunda guda ɗaya takwas take bayarwa. Wata kuma ta ce a bar maganar ƙafa, ita uwar da ke zama da yunwa a kan ƙwai ce ta ba ta tausayi. Matar mai bishara ta buga benci ta ce a yi shiru. Ta ce littafin Baba Malam sai da aka kai shi jami'a aka duba, ga ma wadda ta duba a zaune. Duk suka juyo gare ni.

Na miƙe. Abin da ya kamata in ce gajere ne: tsohon nan ya yi gaskiya, sunan ne aka rubuta ba daidai ba. Amma na ga yadda maganar za ta isa Muchia kafin ni, a bakin mai bishara, cewa littafin Baba Malam ya yi kuskure a gaban jama'a. Na kuma ji cewa idan zan gyara, to in gyara tun daga tushe yadda ba za a sake ruɗewa ba. Sai na fara da cewa dabbobi sun kasu gida biyu, masu ƙashin baya da marasa shi. Na ce marasa ƙashin bayan ma sun rarrabu. Na kawo dodon koɗi. Na ce akwai bambanci tsakanin ruwan gishiri da ruwan daɗi, kuma dabbar da shafin ke bayani a kai tana cikin kashi na biyu na rabon farko. Ina magana ina ganin idanunsu suna barina ɗaya bayan ɗaya. Wata ta fara gyara goyo. Kafin in kai ga inda na nufa, matar mai bishara ta taimake ni.

"Kun ji dai daga bakin mai ilimi. Ba ta da ƙashi."

Tsohon ya zauna a hankali. Ya ce, "To. Wataƙila wadda na gani ba ita ba ce." Ba da fushi ya faɗa ba. Aka yi addu'a aka tashi.

Ina tsaye a bakin hanya ina jiran mota sai ga shi ya zo wucewa, littafin a aljihun rigarsa, rabinsa a waje. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, abin da ka gani shi ne dorinar ruwa. Ƙafa huɗu gare ta, kamar yadda ka faɗa."

"Kada ki lallashe ni, 'yata. Ido yana tsufa, tunani ma haka."

"Ba lallashi ba ne. Ni na rubuta shafin. Wata dabba ce dabam, a teku take, ba ta da suna a Hausa. Wurin bugawa aka sa mata sunan dorinar ruwa."

Ya dube ni. Na zaci zai yi murna. Ya ciro littafin, ya buɗe shafin, ya dubi baƙaƙen da ya sha wahala kafin ya iya haɗa su.

"Wato abu yana iya zama a buge, kuma ba haka yake ba."

"Yana iya zama, Baba."

"Me ya hana ki faɗa a ciki?"

Na juya ina duban hanyar da mota za ta ɓullo. Bai matsa mini ba. Ya juya shafukan baya, ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa. Ya ce raƙumi ya sani, bushiya ya sani, waɗannan ba wanda zai ruɗe shi. Ya tsaya a kan jimina. Ya ce wannan bai taɓa gani ba.

"Sauran fa? Duk daidai suke?"

Na san abin da yake so in ce, na kuma san cewa kalma ɗaya ta isa. Amma ban duba shafukan Kawu da littattafai ba, karanta masa kawai na yi. Akwai jimla a shafin jimina da tun ranar farko ban natsu da ita ba, da wata a na ƙudan zuma. Na ce, "Ina tsammanin yawancinsu daidai ne, Baba. Amma ban bincika duka ba, ba zan iya rantsuwa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya gode da ban ɓoye masa ba. Ya tambaya ko zan dawo mako mai zuwa in nuna masa waɗanda zai riƙe da waɗanda zai bari. Na ce zan yi ƙoƙari. Ya mayar da littafin aljihu, wannan karon ya tura shi har ƙasa. Mota ta zo na shiga.

Ban koma ba. Ranar Talata sunayenmu na bautar ƙasa suka fito, aka tura ni wata jiha mai nisa a kudu, kwana shida aka ba mu. A cikin kwanakin na rubuta gyaran a 'yan guntayen takardu da hannuna, na ba wani mai bishara da na haɗu da shi a kasuwa ya kai wa na ƙauyensa. Ƙauyukan sun fi goma, ban san hanyar yawancinsu ba, kuma ba zan iya tambayar Kawu ba tare da na gaya masa dalili ba. Takardar da na rubuta don ƙauyen bayan Shika ban sami wanda zan ba ba, ta bi ni cikin jaka har sansani.

Wata huɗu bayan haka wasiƙa ta zo daga Muchia. Kawu ne ya faɗa, maƙwabciyarmu ta rubuta. Ya ba ni labarin ƙafarsa da na rufin kicin da ya fara yoyo. Ya ce littafin ya karɓu, har wata ikilisiya ta nemi a ƙara bugawa. A ƙasa ya ce abu ɗaya ne ke damun sa: tsohon nan na bayan Shika, wanda yake alfahari da shi, yana zuwa aji har yanzu, amma ya daina miƙewa ya yi karatu. Idan aka miƙa masa littafi sai ya ce a ba yara masu ido. Sunansa kaɗai yake rubutawa, sai lambar waƙa da yake dubawa a allo ranar Lahadi. Kawu ya ce ke da kika gan shi, ko kin lura da wani abu a ranar.

Na amsa wasiƙar a mako na biyu. Na yi masa sannu da ƙafa. Na ce a jinkirta ƙarin bugun har in dawo, akwai 'yan wuraren da nake son in sake dubawa. Game da tsohon na rubuta jimla uku dabam-dabam, na soke su duka, na aika takardar haka nan.